Zuwa ga Nasiru, kafin ka sayar da filin nan saboda koyon sana'a a Jamus

Assalamu alaikum ɗana Nasiru. Ina fata kana lafiya, da mahaifiyarka da ƙannenka duka. Saƙonka ya iso. Ka ce wani ejan ya yi maka alkawarin gurbin koyon aikin jinya a nan Jamus, tsarin da ake kira Ausbildung, muddin ka kawo masa miliyoyin naira, har kana tunanin sayar da filin gadonku. Sannan ka yi tambayar da ta hana ni barci. Ka ce ka yi N-Power shekara biyu kana koyarwa a firamare, aka sallame ku a 2020, ka koma inda ka fito, to me zai sa ka yarda wannan ba irin wancan ba ne? Na ga ya fi kyau in amsa a fili, don na san ba kai kaɗai ke wannan tunanin ba.

Bari in fara kawar da maganar ejan. Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, haka Nijar da Gana. Dokar Jamus ta hana dillalai masu zaman kansu ɗebo ma'aikatan jinya da na kula da tsofaffi daga waɗannan ƙasashe, hukumar ƙwadago ta tarayya kaɗai ke da wannan hurumin. Kai da kanka kana iya rubuta wa asibiti ka nemi gurbi, ba wanda ya hana ka. Amma wanda ya ce ka biya shi ya kai ka, ko dai bai san dokar ba, ko ya sani yana ɓoye maka. Kada ka ba shi ko sisi.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Ba na raina N-Power. An ƙaddamar da shi a 2016, rukunin farko mutum 200,000, na biyu 300,000, ana ba kowa naira 30,000 a wata. Kuɗin nan ya ɗora tukunya a gidaje da yawa, na san har da naku. Amma ka lura da adadin da ake ta faɗa a rediyo a lokacin: yawan waɗanda aka ɗauka. Makarantar da ka koyar ba ita ke biyanka ba, ba ta da gurbin da ta tanadar maka, ba ta sa hannu a kan komai ba. Ranar da alawus ya tsaya daga Abuja, babu igiyar da ta ɗaure ka da wurin. A Oktoba 2023 ma aka dakatar da shirin don a yi bincike a kansa.

Duk shirin samar da aiki, na gida ko na waje, tambaya biyu nake yi masa. Waɗanda suka shiga, ina suke shekara biyu ko uku bayan an gama? Kuma da ba su shiga ba, da ina suke? Ta biyun ita ce mai wuya, domin yaro mai ƙoƙari ko ba shiri zai iya samun hanyarsa, sai shirin ya ɗauki yabon da ba nasa ba.

Kuma kada ka ɗauka sai Turawa ke iya wannan awon. An taɓa yinsa a Najeriya, an yi shi da kyau. Gasar YouWiN ta tallafa wa masu kafa ko faɗaɗa kasuwanci da aka fara a 2011 zamanin Jonathan, kusan mutum 24,000 suka nema, 1,200 suka samu tallafi, kowanne kimanin dala 50,000 in an raba daidai. Daga cikin waɗanda suka kai zagayen kusa da ƙarshe, fiye da 700 ƙuri'a aka jefa aka zaɓe su. Wannan ƙuri'ar ita ta ba David McKenzie na Bankin Duniya damar bin sawun ɓangarorin biyu, waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu da waɗanda ta tsallake, mutanen da tun farko cancantarsu ɗaya. Bayan shekara uku aka tarar masu tallafin sun fi takwarorinsu nesa wajen riƙe kasuwanci a raye da ɗaukar ma'aikata goma ko fiye. Wannan hujja ce da za ka iya dogara da ita. Abin da ke ci min rai shi ne irin wannan bin sawun bai zama al'ada a wurinmu ba. Kai da abokanka rabin miliyan kun cancanci a ce wani ya zo ya tambaye ku inda kuka ƙare.

Jamusawa su ma sun zuba kuɗi a shirye-shiryen da ba su haifar da komai ba. A farkon 2005 marasa aiki a ƙasar nan sun haura miliyan biyar. Lokacin gyare-gyaren dokokin ƙwadago da ake kira Hartz, majalisa ta sa a auna shirye-shiryen ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai cibiyar bincike ta IAB a Nuremberg da aikinta ke nan, tana amfani da bayanan inshorar ma'aikata don ganin wa ya samu aiki, yaushe, a kan nawa. Aka gano ayyukan wucin gadi da gwamnati ke ƙirƙira don a rage zaman banza ba sa kai mutum ga aiki na dindindin, wani lokaci ma suna jinkirta shi, domin yana ciki ya daina nema. A 2012 aka soke babban shirin irin wannan. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike fiye da 200 daga ƙasashe daban-daban ya zo da kusan magana ɗaya: horo na gaske ba ya nuna amfaninsa a shekarar farko, sai bayan shekara biyu zuwa uku, aikin wucin gadi na gwamnati kuwa shi ne mafi rauni. In ka dubi N-Power da wannan idon, za ka gane ba gazawarka ba ce.

To, mu ɗora Ausbildung a kan wannan sikelin. Ka san yadda ake kai yaro gareji wurin maigida ya koyi kanikanci har a yaye shi. Tushen ɗaya ne, sai dai a nan doka ta shiga tsakani tun 1969. Akwai sana'o'i fiye da 320 da hukuma ta amince da su, ana koyonsu shekara biyu zuwa uku da rabi. Kwana uku ko huɗu a mako kana wurin aiki, sauran kana makarantar sana'a. Kamfani ne ke sa hannu a kwantiragi da kai, kuma shi ke biyanka daga aljihunsa. Mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a ba ɗan shekarar farko a 2025 yuro 682 ne a wata, masu koyon jinya a asibitocin gwamnati kuwa suna farawa da sama da 1,300. Jarrabawar ƙarshe ba maigidanka ke shirya ta ba. A yawancin sana'o'i ƙungiyar masu sana'ar ko ta 'yan kasuwa ke yinta, don haka takardar da ka samu a Dortmund tana ci a Hamburg.

Abin da ya bambanta shi da wanda ka sani shi ne wanda ya horar da kai yana asara in ka tafi. Ya kashe kuɗi a kanka shekara uku, kuma yana da aikin da ke jiran hannu. Shi ya sa kusan uku cikin kowane huɗu da suka ci jarrabawa, kamfanin da ya koya musu ne ke riƙe su. Daga 2022 zuwa 2024 ma kusan gurbi 70,000 ne suka riƙa rasa mai cike su a kowace shekara. Wannan buƙatar ta gaske ce, ina ganinta a aikina na wayar lantarki, inda ake sa mutum ya jira makonni kafin mu samu zuwa gidansa.

Amma akwai adadin da ejan ba zai gaya maka ba. Kusan kashi 30 cikin 100 na kwantiragin koyon sana'a ana warware su kafin lokaci. Ba duka ne suka bar koyo ba, da yawa wurin aiki suka sauya, amma adadin ya fi yawa a tsakanin baƙi, kuma ya fi muni a aikin girki, otal da gyaran gashi. Ɗan ƙasa in ya bar koyo ɗakin uwarsa zai koma. Kai takardar zamanka a ɗaure take da kwantiragin. Akwai watannin gwaji a farko, har huɗu a yawancin sana'o'i, shida a jinya, waɗanda a cikinsu ana iya sallamarka ba tare da an faɗi dalili ba. In abin ya rushe ba da laifinka ba, ana iya ba ka har wata shida ka nemi wani gurbin. In ba ka samu ba, sai haramar gida, ga shi fili ya riga ya tafi.

Abin da ke kayar da mutanenmu ba aikin hannu ba ne. Akwai wani yaro ɗan Afirka ta Yamma da ya koyi aiki tare da mu. In ya haɗa allon rarraba wuta sai ka tsaya kana kallo, kowace waya a miƙe, kowane lanƙwasa daidai da ɗan'uwansa, ba ya barin ko guntun roba a ƙasa. Amma ranar Juma'a in an zo cike littafin rahoton mako, wanda dole ɗan koyo ya rubuta abin da ya yi maigida ya sa hannu, sai ka gan shi ya riƙe biro gumi na keto masa cikin sanyi. A makaranta yana zaune da yara 'yan shekara goma sha bakwai da aka haifa cikin harshen, malami na zuba bayanin dokokin kariya ba ya waiwaye. Ya faɗi jarrabawar rubutu a karon farko, ba don bai san amsa ba, don bai gane abin da ake tambaya ba cikin lokacin da aka ba shi. Ya sake zama ya ci, alhamdu lillahi, amma na ga yadda wata shidan nan suka rame da shi. Ofishin biza yakan nemi Jamusanci matakin B1, wato matakin tsaka-tsaki na iya harshen, wanda B2 ke gaba da shi. Ni ina gaya maka B1 na shigo da kai ne kawai. Aikin jinya B2 yake so, kuma tsohuwar da za ka yi wa wanka da asuba da karin harshen ƙauyensu za ta yi maka magana, tana cikin ciwo, ba za ta maimaita ba.

Ka kuma sa lokaci a lissafinka. Cibiyar IAB ta bi sawun 'yan gudun hijirar da suka shigo a 2015, sai da aka yi shekaru bakwai zuwa tara kafin kusan biyu cikin uku su kasance da aiki, mata kuwa kusan ɗaya cikin uku. Halinka ba irin nasu ba ne, kai da kwantiragi za ka shigo, amma ya nuna maka yadda ƙasar nan ke buɗe ƙofarta a hankali. Kuɗin ɗan koyo kuma na rufin asiri ne. In ka cire haya da abinci da tikitin jirgin ƙasa, abin da zai rage ba zai ɗauki gida a Kano ba. An yarda ka yi ƙarin aiki har awa 20 a mako, amma wanda ya cika wannan awoyin yawanci karatunsa ne ke biya. Ka zaunar da mahaifiyarka tun yanzu ka gaya mata shekara uku na farko kada a sa ran aike mai yawa.

Ka ambaci katin neman aiki, Chancenkarte, da aka fara a Yuni 2024. Yana ba ka shekara ɗaya ka zo ka nema, in ka haɗa maki shida a ma'aunin cancantarsu kuma ka nuna kana da sama da yuro 1,000 na kowane wata. In ka ji ana faɗin yawan katin da aka bayar, ka tuna wannan ma lissafin masu shiga ne. Ga mai takardar NCE da ba ya jin Jamusanci, ban ga hikimar ƙona kuɗin shekara guda a ɗakin haya yana aika takardun neman aiki ba.

Ga abin da nake so ka yi. Ka bar filin nan. Ka shiga ajin Jamusanci da abin da kake samu, ka yi jarrabawar harshen a cibiyar Goethe ta Jamus da ke Legas, ka sa B2 a gabanka ko da zai ɗauke ka shekara ɗaya da rabi. Ana fara yawancin koyo a watan Agusta ko Satumba, kuma ana neman gurbi tun kusan shekara guda kafin nan, layin biza kuma yana da tsawo, don haka ka fara rubuta wa asibitoci da kanka da zarar ka samu B1. Duk wanda ya kira ka hira ta bidiyo, kada kunya ta hana ka yi masa tambayoyin da ba a yi wa N-Power ba. 'Yan koyo nawa kuka ɗauka shekara uku da suka wuce, nawa suka gama, nawa ke aiki da ku yau? Akwai baƙi a cikinsu? Wa zai taimaka min da ɗaki, kuma akwai ƙarin darasin harshe? Wurin kirki zai amsa maka ba tare da ɓata rai ba, wanda ya fara kame-kame kuma ka bar shi.

In kwantiragi ya zo, ka ɗauki hoton kowane shafi ka turo min kafin ka sa hannu, zan karanta maka shi layi-layi, in kuma kira asibitin da kaina in tabbatar akwai shi. Ka gaida min Yaya, ka ce mata zan kira ta ranar Lahadi bayan la'asar mu yi maganar filin.

Kawunka.