Likita, an ce jijiyoyin kan ƙanina sun cukurkuɗe

Tambaya: Salam likita, dan Allah ƙanina ne ɗan shekara 27, tela ne a Kasuwar Barci, kwanaki yana kan keken ɗinki ya yanke jiki ya faɗi yana ta fizge-fizge, gida aka ce iska ne, sai da aka yi hoton MRI aka ce wai AVM ne a ƙwaƙwalwa amma bai fashe ba, aka ba shi maganin farfaɗiya aka ce a dinga lura. Yayanmu kuma ya kafe sai an sayar da fili a kai shi Indiya. In an bar shi haka me zai faru? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada.

Amsa: Wa'alaikis salam, Allah ya ba shi lafiya. Kin ga, jini daga manyan jijiyoyi sai ya bi ta ƙananan hanyoyi ƙarfinsa ya ragu kafin ya juyo, to a AVM, wato cukurkuɗewar jijiyoyin jini, babu ƙananan, yana afkawa ne kai tsaye cikin jijiyoyin da ba a halicce su don ɗaukar wannan matsin ba, shi ne ake tsoron su fashe.

Wanda bai taɓa zubar da jini ba, haɗarin kusan kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne a shekara. Kaɗan ne kam, amma fa taruwa yake, yaro ɗan 27 in Allah ya ja kwana shekara 40 gaba lissafin zai iya kaiwa kashi ɗaya cikin uku ko ma ya haura rabi, shi ya sa ba a yi wa matashi hukuncin dattijo. Haɗarin ya fi yawa in ya taɓa fashewa, ko yana can cikin zurfin ƙwaƙwalwa, ko wata jijiya a wurin ta kumbura.

Kuma likitanku bai yi sakaci ba. Binciken ARUBA da ya fito a 2014 ya bi mutum 223 masu AVM da bai fashe ba, cikin wata 33 waɗanda aka bari kan magani kusan kashi 10 suka samu shanyewar jiki ko mutuwa, waɗanda aka yi wa aiki a kan AVM ɗin kuwa kusan kashi 30. Sai dai wata 33 ai ba rayuwa ba ce, likitoci da yawa sun soki binciken a kan haka, ni ma ina tare da su cewa a duba yiwuwar yin aiki in AVM ɗin ƙarami ne kuma a saman ƙwaƙwalwa.

Filin nan a dakata tukuna. Ku kai hotunan wurin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, akwai su a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, ku tambayi matakin AVM ɗin nawa ne daga 1 zuwa 5 a ma'aunin haɗarin yi masa tiyata. Kar ƙanin naki ya yi wasa da maganinsa, ya duba hawan jini, banda asfirin barkatai, banda tuƙa babur. Ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, amai, ko gefe ya saki, asibiti a take ko ƙarfe biyun dare ne.