Ku Tambaya, Mu Amsa: Ɗalibi da Sana'ar Rubutun Talla

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji biyu a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua. Na ji ana cewa ɗalibai na samun na kashewa ta hanyar rubuta wa 'yan kasuwa talla. Ta ina zan fara, tunda ko kwamfuta ba ni da ita? Daga wata ɗaliba, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, wayarki ta isa. Ki dai saka mata allon rubutu na Hausa a manhajar Gboard don ki samu ɓ, ɗ da ƙ, saboda tallan da ya rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" ya fara zubar da mutuncin mai kaya.

Ki nemi mai sana'a guda ɗaya da kika sani, kamar tela ko mai turaren wuta, ki zauna a shagon na awa biyu ba tare da kin rubuta talla ko ɗaya ba. Ki saurari abin da masu saye suke tambaya, da abin da suke ƙorafi a kai, da maganar da suke yi kafin su juya su tafi ba su saya ba. Ki rubuta kalamansu yadda suka faɗe su. Daga nan tallan zai fito, kuma nan ne sababbin shiga suke tsallakewa.

Ga misali. Yawancin teloli abin da suke sa wa a WhatsApp shi ne: "Muna ɗinki mai inganci cikin farashi mai rahusa, sai kun zo." Kowa haka yake cewa, don haka ba wanda yake karantawa. Amma wanda ya zauna a shagon tela cikin azumi ya san cewa fargabar mai shadda ita ce saɓa alkawari. Sai a rubuta: "Ka kawo shaddarka kafin 10 ga azumi, ka karɓi kayanka ranar 25. Mutum 40 kawai za mu karɓa." A ƙasa a sa kuɗin ɗinki, da kwatancen shago, da abu ɗaya tak da ake so mai karatu ya yi, wato ya turo saƙo. Sharaɗin shi ne telan ya iya cika alkawarin. In ba zai iya ba, kada ki rubuta.

A Facebook, rubutu yakan yanke bayan haruffa kusan 125 a waya, saboda haka maganar da ta fi nauyi ta zo a layin farko, gaisuwa mai tsawo ta jira. Ki rubuta layin farkon nan iri goma, ki zaɓi biyu, ki sa ɗaya yau a sitatus na WhatsApp, ɗaya kuma gobe a daidai irin wannan lokacin, tunda abin da aka ɗora a sitatus awa 24 yake yi. Sannan ki ƙirga mutum nawa suka turo saƙon tambayar farashi. Masu danna alamar so ba sa cikin lissafi.

Tambaya: Ina karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, kuma kwas ɗina bai kwanta mini ba. Na fara rubuta wa wani ɗan'uwana talla, ina jin daɗi. Yaya zan gane son aikin nake yi ko kuɗin? Daga wani ɗalibi, Daura.

Amsa: Malam, daɗin rubutun farko ba ya nuna komai, kowa yana jinsa. Ka ba kanka mako shida, awa uku a kowane mako, ka rubuta wa sana'o'i uku mabambanta, har da wadda ba ta burge ka, kamar sayar da taki ko gyaran famfo. Ka lura da kanka ranar da mai kaya ya dawo maka da rubutu karo na uku, ko tallan da ka yi alfahari da shi bai kawo ko mutum ɗaya ba. In abin da ya zo maka a rai shi ne son sanin dalili, har ka koma shagon ka sake saurare, to aikin ya shige ka. In kuwa ji ka yi an raina ka, wataƙila waƙa ko labari kake so ka rubuta, kuma wannan wata hanya ce dabam, domin mai rubutun talla sunansa ba ya fitowa a jikin aikinsa.

Karatu kuwa kada ka ajiye. Ka sanar da masu ba ka aiki cewa mako uku kafin jarrabawa ba ka karɓar komai.

Tambaya: Wani mai maganin gargajiya ya ce in rubuta masa tallan rediyo cewa maganinsa na warkar da ciwon suga da hawan jini. Kuɗin da ya yi tayi da kauri. Daga wani ɗalibi, Ƙofar Marusa.

Amsa: Kada ka rubuta. Tallan magani sai hukumar NAFDAC ta duba ta amince kafin a watsa, ga kuma hukumar ARCON tana sa ido kan tallace-tallace. Bayan doka, wani zai iya jin muryar nan ya ajiye maganin asibiti.

In aikin rediyo na halal ya samu, ka karanta rubutun da babbar murya kana kallon agogo. Tallan daƙiƙa 30 kada maganarsa ta wuce daƙiƙa 22, domin kiɗa da maimaita lambar waya za su cinye sauran. Ka karɓi rabin kuɗinka kafin ka fara, kuma ku rubuta a saƙo cewa gyara sau biyu ne kyauta, na uku da kuɗinsa.