Amsoshin Tambayoyinku: Babban Babur, Hular Kwano da Filin Tsere

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan manyan babura ne, waɗanda samari ke kira fawa-baik. Na zaɓo shida, sauran ku yi mini haƙuri zuwa wani makon.

"Malam, shekara uku ina hawa roba-roba ban taɓa faɗuwa ba. Yanzu na tara kuɗi. Wani dillali ya nuna mini Yamaha R1 ɗan kwatano, wani kuma Hayabusa. Wanne zan ɗauka?" Daga wani matashi a Hotoro

Ƙanina, ko ɗaya. Roba-robarka ƙarfinta bai fi na doki 10 ba a lissafin injiniyoyi. R1 injinsa cc 998 ne, na baya-bayan nan ƙarfinsu ya kusa doki 200, a giya ta ɗaya kaɗai yana haura kilomita 120 a awa. Hayabusa kuwa in an cika tankinsa ya wuce kilo 250, in ya kwanta maka a cunkoson Kantin Kwari sai an taru a ɗaga shi. Hannun da ya saba murɗe totur har ƙarshe a kan roba-roba, ranar da ya yi haka a kan R1 babur zai bar shi a ƙasa.

Fara da matsakaici: Ninja 300 ko 400, Yamaha R3, ko KTM Duke 390. Ka shekara biyu a kai. Ka je da bakaniken da ya san irin waɗannan injuna, ka duba takardun kwastan, ka gwada lambar da ke jikin babur da wadda ke takarda. Ka kuma sani ba kowane kayan gyaransu za ka shiga Ƙofar Ruwa ka samo ba, wani sai an aiko daga Legas. Kada ka zuba duk abin da ka tara a babur. Ware kaso mai kauri na kayan kariya, ka karanta amsar da ke biye.

"Na ga hular kwano mai tambarin AGV a wani shago a Sabon Gari, an ce in ba da dubu goma sha biyar. Akwai sitikar DOT ta shaidar inganci a bayanta. In saya?" Daga wani ɗalibi a Kabuga

Kada ka saya. Hular AGV ta gaske, ko mafi arha a cikinsu, in ka juya kuɗinta zuwa naira ya haura dubu ɗari biyu. Wanda ya ce zai ba ka ita a dubu goma sha biyar, roba ya fenta ya manna mata suna.

A nan zan daɗe, domin wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai ƙirga miliyoyi ya sayi babur, ya sa masa salansa mai ƙara, ya yi masa fitilu kala-kala, amma da an zo kan abin da zai tsare ƙwaƙwalwarsa sai ya fara ciniki kamar mai sayen tumatir a 'Yankaba. Ba yau muka fara ba. A watan Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano, a garin nan aka ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya, har labarin ya zaga duniya. An yi ta dariya a lokacin. To hular jabu ƙwarya ce da aka yi wa fenti, gara ma ƙwaryar, don mai ita ya san ba abin da za ta hana.

Bara wani yaro tela a unguwarmu ya faɗi a shataletale, mai adaidaita sahu ne ya yanko masa. Ba gudu yake ba. Da yayansa ya kawo mini hular na riƙe ta a hannuna. Ta tsage daga goshi zuwa ƙeya kamar an fasa goruba. Na sa yatsa a ciki, abin da na taɓa soso ne irin na katifa, kaurinsa bai kai na biskit biyu ba, an lulluɓe shi da baƙin yadi. Igiyar haɓa ta fita daga mazauninta gaba ɗaya, da ƙusar roba aka maƙale ta. A bayanta kuwa ga sitikar DOT nan fes. Yaron ya yi wata biyu a asibiti, har yau maganarsa ba ta koma daidai ba, zare ma sai an sa masa a allura.

Ka fahimci yadda hula ke aiki. Ƙoƙon waje yana hana abu huda kai, yana kuma baza ƙarfin bugu. Amma mai ceton rai shi ne farin kumfa mai tauri da ke ciki, kaurinsa wajen inci guda. Idan kai ya bugi kwalta, kumfan ne ke murƙushewa a hankali ya shanye bugun, maimakon ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai. Sau ɗaya yake wannan aikin. In ya murƙushe ba ya dawowa, ko da waje na ƙyalli. Shi ya sa nake hana sayen hular gwanjo, ko sunan wane kamfani ne a jikinta, domin ba ka san ko ta taɓa shan ƙasa da wani a Turai ba.

Sitikar DOT kuwa ƙa'idar Amurka ce, kuma a tsarinsu kamfani ne da kansa ke shaida cewa hularsa ta cika sharaɗi. Kowane mai injin buga sitika zai iya buga maka ɗari kafin la'asar. Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne shaidar Turai. Juya igiyar haɓa, za ka ga ƙyalle an ɗinke shi a jiki, da harafin E da lamba a cikin da'ira (E1 Jamus, E3 Italiya), sai doguwar lamba mai farawa da 05 ko 06. Ita ma ana satar ta, don haka kada ka tsaya nan. Ɗaga yadin ciki ka danna kumfan da babban yatsa, in ya lotsa kamar burodi ajiye ta. Ɗaga hular ka ji nauyinta, mai rufe fuska ta gaske tana kai kilo ɗaya da rabi ko kusa da haka. Ja igiyar da ƙarfi ka ga da me aka kafe ta. Akwai kamfanoni masu sauƙin kuɗi irin su LS2 da MT da HJC da ke yin hula mai shaidar gaske. Gara ka sayi ta gaske mara suna a bakin samari da ka sayi jabun mai suna.

Sannan a daina ɗora ta a kan zanna-bukar. Hular da ta shiga a kan wata hula ta yi maka yawa, kuma wadda ba a ɗaure igiyarta ba tana riga mai ita isa ƙasa. Na san zafin Afrilu a Kano, na san gumi. Nemi mai ƙofofin iska.

"Wane titi ya fi dacewa in gwada ƙarshen malejin babur ɗina da daddare, Titin Zariya ko baifas?" Ba suna

Da gangan ka ɓoye sunanka, don ka san tambayar banza ce. A gudun kilomita 160 kana cin mita 44 a kowace daƙiƙa, wato tsawon filin ƙwallo cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. In ka ninka gudu biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa huɗu yake yi. A kan waɗannan titunan akwai tirela a tsaye ba fitila, akwai almajiri mai tsallakawa, akwai mai kura da ya yi dare. Ranka kai ka sani, amma nasu ba naka ba ne.

Turawan da kake gani a bidiyo gwiwa na gogar ƙasa, a rufaffen fili suke. Mutum ya biya kuɗin yini guda, a duba baburinsa, a cire madubai ko a liƙe su, a raba mahaya rukuni uku gwargwadon ƙwarewa, kowane rukuni ya shiga na minti 15 zuwa 20 ya fito. Kowa hanya ɗaya ya nufa. Ga masu tuta a kowace kwana, rawaya a sassauta, ja a dakata, ga motar asibiti a tsaye. Galibi ba a barin kowa ya shiga sai da rigar fata daga wuya zuwa idon sawu, da safar hannu, da takalmi mai rufe ƙwauri. Kyalami da ke kusa da Johannesbag irin wannan fili ne, a nan gida ma akwai na Evbuobanosa a jihar Edo. In da gaske kake, ku haɗa kai da 'yan ƙungiyarku ku ɗora babura a mota ku je.

"Duk sanda na shiga kwana da ɗan gudu sai in ga babur na fita waje, kamar ya ƙi juyawa. Matsalar babur ce?" Daga wani ma'aikaci a Sharaɗa

Ba babur ba ne, kuma ka yi tambaya mai kyau. Idonka ne farko. Babur yana zuwa inda ka kalla. In ka tsorata ka kafe ido a kan kwalbati, kwalbatin za ka samu. Juya haɓarka ka kalli mafitar kwanar. Na biyu, da zarar ka wuce gudun mai sassarfa, babur ba ya juyawa kamar amalanke. In za ka yi dama, tura hannun dama gaba kaɗan, babur zai kwanta dama ya bi kwanar. Kana yi tun kana yaro a kan keke ba ka lura ba, yanzu ka riƙa yi da sani. Matse tanki da gwiwoyi, ka saki kafaɗu, domin sandararren hannu ne ke hana kan babur aikinsa.

Ka gama rage gudu tun babur na tsaye, kafin ka kwantar da shi. Birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, amma ba a fizgarsa, matsa shi ake yi a hankali a ƙara ƙarfi, kamar mai tatsar nono. Nemi fili mara mutane da sassafe, ka jera robobin ruwa, ka yi ta maimaitawa. Ka kula da yashin da ke taruwa a gefen shataletale bayan ruwan sama da lokacin hunturu.

"Tayar beljiyam mai sauran zane, ko sabuwa mai tsada?" Daga Rijiyar Zaki

Sabuwa. Duba gefen tayar, a ƙarshen jerin rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba na bushewa ko da zane bai cinye ba, ballantana a ranar garin nan. Wurin da taya ke taɓa kwalta bai fi tafin hannunka ba, kuma biyu kaɗai gare ka.

"Malam, ɗana ɗaya ne namiji, mahaifinsa ya rasu. Ya sayi irin babur ɗin nan da kuɗin kasuwancinsa. Na yi faɗa na yi kuka bai ji ba. In na ji ƙararsa ta yi nisa ba na iya cin abinci sai ya dawo. Yaya zan yi?" Daga wata uwa a Gwammaja

Hajiya, Allah ya jiƙan maigidan, ya ba ki ladan riƙon maraya. Tsoronki a kan hanya yake, kada kowa ya ce miki kin cika damuwa. Sai dai yaron da ya sayi abu da guminsa, in aka matsa masa da hani, ajiye shi zai yi a gidan aboki ya riƙa hawa ba ki sani ba, wannan kuwa ya fi haɗari.

Ki zaunar da shi bayan sallar isha, lokacin da ba kowa, ki ce kin bar masa baburinsa bisa sharaɗi uku: ba hawan dare, ba wasan ganganci a rakiyar amarya ko tseren samari, ba fita sai da hula a ɗaure ko da nan da bakin titi ne. Ki sa kawunsa ko wani babba da yake jin nauyinsa ya zama shaida. Sannan ki ce ya kawo miki hular tasa. Ki juya igiyar ki nemi ƙyallen nan mai harafin E, ki danna cikinta da yatsa. Ya sa ta ya ɗaure, ki kama bayanta ki turo ta gaba da ƙarfi. In ta zame ta rufe masa ido ko ta fice, ba tasa ba ce. In da hali, ki cika masa kuɗin ta gaske daga hannunki, da safar hannu da riga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya. Abin da uwa ta saya da kuɗinta, da wuya ɗa ya rataye shi a ƙusa ya fita. Ki sake rubuto mini bayan kun yi maganar, ina son jin yadda kuka ƙare. Allah ya tsare miki shi.