Gam Ba Shi da Laifi

Wani manomin rani ya rubuto cewa bututun robarsa mai inci 3 ya fashe sau uku a gwiwa ɗaya, wato inda bututun ya lanƙwasa, kullum kuma a daidai lokacin da ya rufe bawul. Yana son sunan gam mafi ƙarfi.

Malam, daina zubar da kuɗinka a kan gam. Duk shekara sai an yi mini wannan tambaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, bututun inci 3 mai tsawon mita 100 kuwa yana ɗaukar lita wajen 440. Kusan rabin tan ke nan yake gudu a ciki, kai kuma ka datse shi da murɗa ɗaya. Abu mai nauyi in yana gudu, ƙarfin tafiyarsa ba ya ɓacewa, sai dai wani abu ya karɓa. Ruwa kusan ba ya matsuwa, saboda haka bututun ne ke shan dukan. Ita ce ƙarar nan "gau" da kake ji. Wani masani ɗan Rasha, Nikolai Zukobski, ya fitar da lissafinta tun 1898. A bututun roba, ruwan da ke gudun mita 1 a daƙiƙa, in aka tsayar da shi farat ɗaya, matsin da ke ƙaruwa ya kai na tanki mai tsayin mita 30 zuwa 50.

Me ya sa gwiwa? Ruwa miƙewa yake so, gwiwa ke tanƙwara shi, shi kuma yana tunkuɗa ta waje ko da ba ka taɓa bawul ba. Zuba kankare a bayanta, ya jingina da ƙasa mai tauri. Bawul ɗin nan mai rufewa da juyi ɗaya, canza shi da mai sitiyari, ka riƙa rufewa sannu a hankali. In gudun ruwan ya haura mita 1.5 a daƙiƙa, bututun ya yi wa injinka kaɗan.

Mai tambaya kan tiyo da ke bulala in an tayar da inji: ruwa na fita gaba, tiyo na komawa baya. Kafa turke ka ɗaure bakinsa.

Wani kuma ya matse bakin tiyo wai don ya sami ruwa da yawa. Nisa ka ƙara, ruwan ma raguwa ya yi, ga shi kana kwashe ƙasar fangali. Buɗe shi, ka aza dutse ko tsohon buhu inda ruwan ke sauka.