Amsa ga ƙaninmu mai son koyon riƙe mota cikin ruwan sama

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce wata uku ke nan da karɓar lasisinka, ka ga bidiyon Turawa suna kai motocinsu filin tsere ranar ruwa don su koyi riƙe mota a santsi, kuma kana tambaya ko ka gwada irin wannan a nan Katsina, ko ka jingine motar har damina ta wuce.

Kada ka jingine ta, amma kuma kada ka yi karatunka a kan titi. Abin da masu zuwa filaye irin Silverstone na Ingila ke nema shi ne, a jiƙaƙƙiyar ƙasa mota tana nuna halinta a ƙaramin gudu. Zamewar da ba za ka ji ba a busasshiyar kwalta sai ka haura 100, a santsi kana iya jin ta a 30, inda kuskure ba ya kai ka asibiti. A Siwidin ma ba a ba mutum lasisi sai ya yi darasi a filin santsi. Mu ba mu da irin wannan fili, amma muna da fegi, muna da watan Agusta.

Ni a hanyar Daura na fara sanin wannan, bayan an wuce Mashi kaɗan, cikin wata Golf 3. Ruwan farko ne na shekara, yayyafi ma ne, wanda kuwa ya fi mamako haɗari, don ƙurar rani da man da motoci suka ɗiɗɗiga duk sun kwaɓe a kan kwalta kamar sabulu. Na shiga kwana, na juya sitiyari, mota ta ƙi juyawa, ta miƙe sai bakin gona. Sitiyarin ya yi sakayau a hannuna kamar an cire shi daga jikin tayoyi. Allah ya kiyaye babu mai tahowa. Na fito ƙafafuna suna rawa, na tsaya ina kallon sawun taya cikin shukar gero.

Da na gaya wa kawuna, wanda ya daɗe yana jan Fijo 504 ta haya, bai yi faɗa ba. Ya jira aka yi ruwa, ya kai ni wani fegi a bayan gari inda babu yara, babu dabbobi, babu itace kusa. Ya ajiye jarkoki biyu, ya ce in zo a giya ta biyu in taka birki daidai jarka ta farko. Mun yi wannan ya fi sau ashirin kafin ya bar ni in gwada kwana. Abin da ya riƙa maimaitawa, hannunsa a kan gwiwata, shi ne: "Sannu da ƙafa, ɗana. Idonka inda kake son zuwa."

A nan na gane zamewa iri biyu ce. Golf da Corolla tayoyin gaba ne ke jan su, don haka galibi gaba ke tafiya: ka juya, ta miƙe. Zuciya za ta ce ka ƙara murɗa sitiyari, kuma wannan ne ke ƙara ɓata lamarin. Ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka ɗan sassauta sitiyarin, za ka ji tayoyin sun sake kama ƙasa. In kuwa baya ne ya kwashe, kamar yadda 504 ta saba tunda baya ke tura ta, sai ka bi da sitiyari ɓangaren da bayan ya nufa, ka dawo da shi da wuri da zarar ta kama, in ba haka ba ta watsa ka ɗaya gefen.

Ka bincika ko motarka tana da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi daskarewa in an taka birki da ƙarfi. In tana da shi, ka taka birki da ƙarfi ka riƙe. Zai yi ta karkarwa a tafin ƙafarka, aikinsa ke nan. Na so a ce kowane sabon direba ya ji wannan karkarwar a fegi, domin da yawa ranar da suka fara jin ta a titi sai su tsorata su saki birkin. In babu ABS, taka-saki za ka yi, don tayar da ta daskare ba ta jin sitiyari.

Sai dai kafin duk wannan, durƙusa ka dubi tayoyinka. Sabuwar taya zurfin zanenta ya kai wajen milimita 8, kuma in ya sauko 1.6 ta gama aiki. Akwai 'yan tudu a cikin ramin zanen da ke nuna hakan. Zanen nan shi ke fitar da ruwa daga ƙarƙashin taya, in ya cinye sai motar ta hau kan ruwa tana yawo, ba birki ba sitiyari. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2019. Tayoyin gwanjo da yawa zanensu da kyau, amma robar ta tsufa ta bushe. Wannan abu yana ci mini rai, mutum ya sa sabuwar rediyo a mota, tayarsa kuwa sumul.

Ka tuna laka daban, jiƙaƙƙiyar kwalta daban. Fegi zai koya wa hannunka da ƙafarka natsuwa ne kawai. A titi ka ninka tazarar da kake bari, don nisan tsayawa yana ninkuwa cikin ruwa. In ka ratsa kududdufi, ka ɗan tattaka birki ya bushe. Ruwan da ke gudu a kan hanya kuwa, wanda ba ka ganin ƙasansa, ka tsaya ya janye.

Ka nemi babba wanda ya daɗe a kan sitiyari ya zauna gefenka, ku ɗaura bel, kada ka wuce giya ta biyu, kuma ban da abokai a kujerar baya suna ɗaukar bidiyo. In ka rasa mai raka ka, ka yi mini magana, ranar Asabar ba na fita aiki.