Amsa ga ƙanina kan maganar "deed" da bizar karatu a Ingila

Salam ƙanina, na ga saƙonka kana cewa wai ejen ya ce ka turo masa "deed" na gidan Baba a haɗa da takardun biza, kai kuma a makaranta abin da aka koya maka deed shi ne aiki, kamar good deed wato aikin alheri. To duka biyun daidai ne. Amma na aikin alherin nan a littafi ko wa'azi za ka fi jin sa, in Bature ya ce deed a ofis ko wajen lauya to takarda yake nufi, wadda aka sa wa hannu a gaban shaida shi ma shaidan ya sa nasa.

A gida ka san C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, ita ce gwamna ke bayarwa tun dokar filaye ta 1978, ita kuma deed of assignment ita ce ta ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ko wacce ejen yake nufi, gaskiya ba za ta yi maka aiki a bizar karatu ba. Su masu ba da biza kuɗi suke son gani a asusun banki, naka ko na iyaye, sun kwana 28 a jere ba su ragu ba, ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko da na zaman wata tara. Gida ko fili ko shago ba sa cikin lissafi, ko da a Nasarawa GRA yake. A bizar ziyara ce ake ɗan sa takardar gida don nuna za ka koma. Don Allah kar ka bari asalin takardar Baba ta fita daga gida, ni wannan ejen ma ban yarda da shi ba.

Deed ɗin da za ka ci karo da ita in ka iso ta haya ce. Masu gida da yawa sai sun nemi wanda zai tsaya maka, galibi mazaunin nan, kuma sau tari deed ce zai sa wa hannu, in ka kasa biya shi za a bi. Shi ya sa in ɗan uwa ya yi ta nuƙu-nuƙu kar ka ce rowa ce, wani lokacin ma har bashin abokan zamanka takardar ke rataya masa.

In kuma wani ya ce gidansa ne, fam 7 kawai za ka biya a shafin Land Registry, wato hukumar rajistar filaye da gidaje ta Ingila, ka ga sunan mai shi kafin ka tura ko sisi.