Matasa Ko Tsofaffin Hannu: Yaya Ake Haɗa Ƙungiyar Ƙwallon Kwando A NBA?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin masu hana idonsu barci don kallon gasar NBA ta Amurka, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Oklahoma City Thunder ta ci kofi a 2025 da yara matasa. Amma Detroit Pistons ma ta tara matasa, ta sha kashi sau 28 a jere. Su kuma Lakers sun tara manyan sunaye a 2021, ko wasannin neman kofi, wato zagayen fitar da gwani da ake yi bayan kaka, ba su shiga ba. Shin akwai ma'aunin da ake bi, a ce matasa kaza, gogaggu kaza? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Babu wani adadi da aka yanke. Manajan da ya zauna yana lissafin matsakaicin shekarun 'yan wasansa don ya ga ko ya daidaita, ya kama hanyar ɓata. Abin da ake rabawa a zahiri minti ne da kuɗi, kuma shekarun babban tauraron ƙungiya su ne ke faɗin yadda za a raba su.

Mu fara da minti, domin a nan yawancin masu kallo suke kuskure. Ƙungiyar NBA tana da gurbi 15 na cikakken kwantiragi, da ƙarin gurbi 3 na matasan da ke kai-komo tsakaninta da ƙaramar gasar G League. Wasa minti 48 ne, mutum biyar a fili, wato minti 240 ke nan koci yake da su a kowane dare. Ba taurari biyu minti 35 kowanne, 70 sun tafi. Sauran ukun da ake fara wasa da su, minti 30 kowanne, 90 sun tafi. Babban ɗan benci ya ɗauki 25. Abin da ya rage 55 ne, kuma mutum uku za su cinye shi. Ka ga mutum tara sun gama da wasan, shida suna zaune suna tafi. Idan aka shiga wasannin neman kofi ma abin ƙara tsukewa yake yi, koci da yawa ba sa wuce mutum takwas.

To matashi ba ya girma a benci. A ganinmu, yaron da ake son ya zama wani abu yana bukatar kusan minti 20 a kowane wasa, a kai a kai, tare da tabbacin cewa idan ya yi kuskure ba za a fizge shi nan take ba. Ƙungiyar da ke neman kofi a bana ba ta da irin wannan haƙuri, domin wasa biyu ko uku da aka zubar a watan Janairu su ne ke sauya matsayi a watan Afrilu, lokacin da kaka ke ƙarewa. Shi kansa kocin aikinsa yake karewa: tsohon hannu ba zai burge ba, amma ya san inda zai tsaya. Saboda haka mai neman kofi zai iya renon yaro ɗaya, in an matsa biyu, a cikin mutum taran nan. Fiye da haka, ko yaran su lalace a zaune, ko ƙungiyar ta riƙa zubar da wasa.

Golden State Warriors ce ta gwada wannan a idon duniya. A lokacin tana da Stephen Curry da Klay Thompson da Draymond Green, dukkansu sun haura 30, sai ta samu manyan gurabe a zaɓen sababbin 'yan wasa, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar matasa bi da bi kowace shekara: James Wiseman na 2 a 2020, sannan Jonathan Kuminga na 7 da Moses Moody na 14 a 2021. Shirin shi ne a ci kofi da manya, a kuma reni magadansu a lokaci guda. Sun ci kofin 2022, shi ya sa wasu ke cewa shirin ya yi aiki. Amma a duba waɗanda suka buga. Wiseman bai buga ko wasa ɗaya na NBA ba duk kakar saboda raunin gwiwa. Kuminga da Moody ba su da wani tasiri a wasan ƙarshe da Boston. Matashin da ya yi aiki shi ne Jordan Poole, wanda aka ɗauka na 28 tun 2019, yana shekararsa ta uku. Bencin kuwa irin su Otto Porter Jr. da Gary Payton II ne suka riƙe shi, mutanen da suka sha yawo kafin su zo, a kan albashi kaɗan.

Da kakar ta ƙare, Porter ya tafi Toronto, Payton ya tafi Portland, aka ce yara su maye gurbinsu. A 2022-23 Warriors ta ci wasa 11 kacal cikin 41 da ta buga a waje. A Fabrairun 2023 aka sallama Wiseman zuwa Detroit, a cinikin da ya dawo da wa? Payton ɗin nan da aka bari ya tafi. Taura biyu ba ta taunuwa. Wiseman wasa uku kawai ya buga a jami'ar Memphis kafin a ɗauke shi. Yaro irin wannan yana bukatar ƙungiyar da za ta bar shi ya yi kuskure ɗari, ba wadda Curry ke ƙirga sauran shekarunsa a cikinta ba.

Sai kuɗi. Wanda aka ɗauka a zagayen farko na zaɓe yana shiga kwantiragin shekara huɗu mai ƙayyadadden farashi: biyun farko tabbas ne, biyun ƙarshe ƙungiya ce ke da zaɓi. Albashi mafi girma kuma da shekarun aiki yake tafiya: kashi 25 cikin ɗari na iyakar albashin ƙungiya ga wanda bai wuce shekara shida a gasar ba, kashi 30 ga mai shekara bakwai zuwa tara, kashi 35 ga mai goma ko fiye, ban da wasu 'yan keɓance-keɓance ga masu lambobin yabo. A kakar 2024-25 iyakar ta kai kusan dala miliyan 140.6, harajin wuce gona da iri, wanda ake ci wa ƙungiyar da albashinta ya yi yawa, yana farawa daga kusan miliyan 170.8. Yarjejeniyar 2023 ta ƙara tsananta abin da wani shinge na biyu, kusan miliyan 188.9 a waccan kakar. Wanda ya tsallake shi ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ya musanya su da mutum ɗaya mai tsada ba, ba zai saka tsabar kuɗi a ciniki ba, kuma ana daskarar masa da gurbin zaɓensa na zagayen farko wanda zai zo bayan shekara bakwai, wato ba zai iya yin ciniki da shi ba. Ma'anar wannan ita ce, yaron da ke buga wasan manya a kan albashin yara shi ne kaya mafi daraja a gasar. Yanzu ko ƙungiyar da ke cike da taurari dole ta samu irinsa biyu ko uku, in ba haka ba lissafi ba zai fita ba.

Amma arhar tana da wa'adi. Thunder ɗin da ka ambata ta taɓa ɗanɗana wannan: ta kai wasan ƙarshe a 2012 da Kevin Durant da Russell Westbrook da James Harden da Serge Ibaka, dukkansu ba su wuce 23 ba, kuma kafin sabuwar kaka ta fara an sayar da Harden ga Houston saboda ba a daidaita a kan kuɗin sabon kwantiraginsa ba. Idan ka tara yara huɗu masu kyau sa'annin juna, ranar biyansu ma ɗaya ce. Shi ya sa manaja mai hankali yake jera kwantiragi hawa-hawa, manyan albashin tsofaffi su ƙare daidai lokacin da na yara zai tashi.

Yanzu ga Thunder ta 2025. Gaskiya ne ita ce mafi ƙarancin shekaru da ta ci kofi tun bayan Portland ta 1977. Sai dai mutane suna mantawa da matakan. Shai Gilgeous-Alexander ya zo a 2019 a cinikin Paul George, ya yi kaka guda cur yana buga wasa kusa da Chris Paul, ɗaya daga cikin gwanayen raba ƙwallo na zamaninsa. Sannan aka buɗe wa yara fili, aka yarda a sha kashi: nasara 22, sai 24, sai 40, sai 57. A 2024 Dallas ta fitar da su a zagaye na biyu, kuma kowa ya ga inda ƙungiyar ke yoyo: ba ta da ƙarfin jiki a ƙarƙashin kwando. Manajansu Sam Presti bai je neman babban suna ba. Ya ɗauko Isaiah Hartenstein, dogo mai ƙwace ƙwallon da ta dawo daga allo, a kan dala miliyan 87 na shekara uku, ya kuma ba da matashi Josh Giddey ya karɓo Alex Caruso daga Chicago. Caruso, mai shekara 31, shi ne babba a cikin masu bugawa, ya taɓa cin kofi da Lakers a 2020, kuma ba ya bukatar ƙwallo a hannunsa kafin ya yi amfani. An riƙa lallaɓa shi da ƙasa da minti 20 a wasannin kaka, aka ƙara masa da aka zo neman kofi, har aka ɗora shi ya tsare Nikola Jokic, dogon tauraron Denver, a wasa na bakwai da suka yi da su duk da bambancin tsayi. Sun ci 68 a kaka, suka doke Indiana a wasa bakwai. Gogaggu biyu kawai aka ƙara, kowannensu ya toshe wata kafa, kuma babu wanda ya karɓe ƙwallo daga hannun Shai ko Jalen Williams ko Chet Holmgren.

Detroit ta 2023-24 ta rasa wannan. Tauraronsu Cade Cunningham yana da basira, amma an kewaye shi da yara waɗanda ba su iya jifan nesa ba, saboda haka abokan hamayya suka riƙa cunkushe ƙarƙashin kwando suna jiransa. Nasara 14, kashi 68. Da aka kawo Tobias Harris da Tim Hardaway Jr. da Malik Beasley, wanda ya jefa ƙwallayen nesa masu maki uku sama da 300 a kakar, tare da sabon koci J.B. Bickerstaff, yaran nan dai su ne suka ci 44. Houston ma haka: bayan nasara 22 a 2022-23, ta ɗauko koci Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi kocin kuma ya taɓa buga wa D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya, ta sayo Fred VanVleet da Dillon Brooks da Jeff Green, ta hau 41, sannan 52. An yi ta surutu cewa an biya VanVleet fiye da ƙimarsa. Mu muna ganin kuɗin ya yi amfani: lokacin albashin yaran bai tashi ba, kuɗin yana ajiye, kuma ƙungiyar ba ta da wanda zai tsara hari ba tare da zubar da ƙwallo ba.

Abin da tsohon hannu yake kawowa ba wani sirri ba ne. Tsaro a NBA magana ce: wa zai bi wa idan aka yi shinge, wato ɗan wasa ya tare mai tsaron abokinsa da jikinsa, wa zai rufe gurbin wanda ya fita taimako. Yaro yakan makara da rabin daƙiƙa, kuma rabin daƙiƙa maki uku ne. Akwai sanin alƙalai, da sanin yadda ake kula da jiki a kakar wasa 82 mai yawan tafiye-tafiye, da barci, da abinci, da riƙe kuɗi ga yaron da ya zama miloniya yana ɗan 19. Miami ta riƙe Udonis Haslem har kaka 20, a shekarunsa na ƙarshe kusan ba ya shiga fili, don wannan aikin kawai. Gasar ma tana tallafa wa irin wannan: idan aka ba wanda ya yi shekara uku ko fiye mafi ƙarancin albashi na kaka ɗaya, ana lissafa wa ƙungiyar kamar na mai shekara biyu ne, gasar ta cika sauran, don kada a guji tsofaffi saboda tsada. Amma gurbi ɗaya ya isa wannan. Kuma a lura, nasihar wanda ke zubar da gumi a fili ta fi shiga kunnen yara fiye da ta wanda ke zaune da tawul a wuya.

Lakers ta 2021-22 kuwa ta yi kuskuren ɗaya gefen. Ta ba da Kyle Kuzma da Kentavious Caldwell-Pope a cinikin Westbrook, ta bar Caruso ya tafi, ta cike gurabe da Carmelo Anthony da Dwight Howard da Trevor Ariza da Rajon Rondo, duk sun kai 35 ko sun wuce. Sunaye ne na shekara goma baya. Babu ƙafafun da za su bi matasan gasar a guje, LeBron James da Anthony Davis suka sha rauni, aka ƙare da nasara 33, kashi 49. Brooklyn ta yi wanda ya fi wannan muni a 2013, da ta miƙa wa Boston gurabenta na zaɓe don Kevin Garnett da Paul Pierce suna gab da ritaya. Daga waɗannan guraben Boston ta samu Jaylen Brown da Jayson Tatum, waɗanda suka ci mata kofin 2024.

Idan kana son ganin tsofaffin taurari da matashi sun zauna lafiya, duba San Antonio Spurs ta 2014. Tim Duncan yana 38, Manu Ginobili 36, Tony Parker 32, kuma koci Gregg Popovich bai bar ko mutum ɗaya ya kai matsakaicin minti 30 a kakar ba. Mintin da aka rage wa manya su ne suka tafi ga benci da Kawhi Leonard. Shi ma ba a ɗora masa ƙungiya a ka ba: an fara ba shi tsaro da jifa daga kusurwa, ana ƙara masa kaya kaɗan-kaɗan cikin shekara uku, har ya zama gwarzon wasan ƙarshe da Miami yana ɗan 22. Yaro ɗaya ne aka rena a tsakiyar manya, ba uku ba kamar Warriors.

Saboda haka idan ka ɗauki jerin 'yan wasan kowace ƙungiya, fara da shekarun tauraronta. In bai kai 25 ba, yara su ci mafi yawan minti, a kawo gogaggu biyu ko uku a kan gajeren kwantiragi, mai raba ƙwallo ɗaya, mai jifan nesa, da dogo mai tsaro, kada a sayar da guraben zaɓe tukuna. In yana tsakanin 26 da 30, lokacin sayen irin su Caruso ya yi, ko da za a rabu da yaro mai kyau kamar Giddey. In ya haura 32, gurbin zaɓe na sama ya fi amfani a kasuwa fiye da a benci, sai dai a bar matasa biyu masu arha da ƙafa, waɗanda za su ɗauke wa manya minti a daren da aka buga wasa biyu a jere.